Tagar da Ke Kallon Filin Jirgi

Ni tela ce, kuma tela ba ta iya kallon abu ta ƙyale shi haka nan. Ko a gidan biki nake, ana ta rangaɗa guɗa, ni idona yana kan hammatar rigar amarya ina neman inda aka yi ha'inci. Shi ya sa ranar da na fara ganin jirgin soja kusa da kusa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai! Wa ya yanka wannan?"

Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Madam tela, ba a yanka jirgi, ƙera shi ake yi."

Na ce, "Oho dai. Wanda ya yi shi ya san almakashi."

A lokacin ba mu daɗe da tarewa a sabon gidanmu ba, can gefen garin Garwa ta wajen filin jirgi, inda sojojin sama suke da sansaninsu, wanda kowa ke ce wa baz. Danginsa duk suna cikin gari kusa da babbar kasuwa, a gidajen da kakanninsu fatake suka kafa tun zuwansu daga Kano. Sun yi masa surutu har suka gaji. Mutum da hankalinsa ya bar unguwa ya je ya sayi fili inda ƙara ke fasa kunne? Ba su san saboda ƙarar ya saya ba. Kayan gyaran babur yake sayarwa, rabin rayuwarsa a kan hanyar Mayo-Oulo take wajen saro kaya, amma zuciyarsa tun yana ƙarami a sama take. Kafin a shafe madafata da siminti sai da ya ɗora ɗaki guda a bene, da ƙatuwar taga mai kallon titin jirgi, da ɗan baranda a gabanta. Na yi masifa a kan madafar nan har muryata ta dishe, shi ko a jikinsa.

Daga baya ni ce nake riga shi hawa benen.

Ƙananan jiragen ne suka fi kama ni, masu ɗaukar mutum biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Hanci siriri, fukafukai a kafaɗa sun ɗan rusuna, ƙofofin shan iska biyu a haƙarƙari. Na duba, na sake dubawa, ina neman abu ɗaya da aka sa don ado, ban samu ba. Ko fentin ma aiki yake yi. Bayansa launin ƙasa da busasshen ganye ne don na sama da shi kada ya gan shi, cikinsa kuma fari-fari don na ƙasa ya ɗauka sarari ne. Da ya ɗaga sai ya naɗe ƙafafunsa a ciki, murfi ya rufe ruf, ko alamar haɗi ba ka gani. Ni da nake wuni ina faɗa da mata a kan duwatsu da tattara da leshi hawa-hawa a hannun riga ɗaya, abin ya shiga raina ba kaɗan ba. Mace za ta kawo atamfa mai kyau, ta ce a liƙa mata wannan a rataya mata wancan, sai rigar ta fito kamar an yi ɓari a shagon 'yan koli. Ga wani can, ban san shi ba, ya zauna ya cire duk abin da za a iya cirewa, ya bar abin da in an taɓa shi jirgin zai faɗo.

Akwai kuma babban, mai farfela huɗu, ƙaton ciki dab da ƙasa, wutsiya a ɗage. Da farko na ce wannan kam mummuna ne, Allah na tuba. Alhaji, maigidan nawa, ya ce in jira in ga an buɗe bayansa. Ranar da na hango mota ta gangaro daga cikinsa da ƙafafunta, na gane dalilin ɗage wutsiyar, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin muninsa ba.

Har a ɗinkina abin ya fito. Na fara yanka riguna ba tarkace, kafaɗa ta zauna, kalmasa ta miƙe, shi ke nan. Wasu matan suka ce na fara rowar zare, suka koma wajen wata. Na ce su gaishe ta.

Haka muke zaune har maganar Babana ta taso.

Babana yana can arewa, a garinmu na bakin tafki, inda ya yi rayuwarsa yana fataucin banda. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Ƙanena, namiji ɗaya tilo da Allah ya ba shi, ya rasu a shekarun da aka yi ta tashin hankali a yankin. Abin da aka faɗa mini a waya shi ne abin ya rutsa da shi a kasuwar tsallake, Baba ma yana wurin, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Na je, na yi kukana, na dawo, ban tambayi kowa yadda aka yi ba. Na ɗauka mutanen daji ne, kamar yadda kowa zai ɗauka. Kuma wa zan tambaya? Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." In na kawo ya ce, "An gode." Na san yana sona, don ni yake fara ajiye wa kifi mafi maiƙo, amma ta hannun Inna yake biyowa. Da Inna ta tafi sai hanyar ta toshe.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Baba gani. Tsoho shi kaɗai a gida, ba mata, ba ɗa, a garin da rabin mutanensa sun watse. Na kasa barci, na kasa cin abinci. Na bi ta wajen Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure a Maga, na ce ta roƙe shi ya dawo wurina. Ya ce a gaya wa masu wannan magana namiji ba ya tarewa a gidan surukinsa. Muka yi ta ja, Gwaggo tana kai gwauro tana kai mari a waya, har ya yarda da abu ɗaya: zai zo Garwa a yi masa aikin ido, in ya warke ya koma.

Na ce to. A raina kuwa na rantse ba zai koma ba. In ya zo ya ji daɗin zama, ya saba da jikokinsa, ya sami abokan hira a masallaci, maganar komawa za ta mutu da kanta. Abin da nake so ke nan a duniya, Babana ya ƙarasa kwanakinsa inda zan riƙa jin tarinsa.

Da Alhaji ya ji surukinsa zai zo, sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya kwashe tarkacensa daga ɗakin bene, ya sa aka yi fenti, ya sayo gadon ƙarfe da sabuwar katifa da fanka, don zafin Garwa a watannin nan ba ya jin magana. Ɗakin da ko ƙannensa ba ya bari su shiga. Ya ce, "Abin da ya fi komai a gidan nan shi za a ba Baba." Wallahi ranar na ji ƙaunarsa har cikin ƙashina. Ko kusa ban kawo komai a raina ba.

Baba ya iso da 'yar jakarsa da buta da sanda. Aka hau da shi bene a hankali. Kullum da safe Alhaji zai tuɓe takalmi tun daga gindin matakala, ya hau, ya tsuguna a wajen ƙofa, kai a sunkuye.

"Baba, an tashi lafiya? Ya baƙunta? Ɗakin ya yi?"

"Lafiya lau. Ɗaki ya yi. Allah ya yi albarka."

Sai Alhaji ya sauko da baya da baya yana murmushi, bai ga ko gefen fuskar tsohon ba. Ai ba a kallon suruki.

Ba a yi mako ba na gane. Da hantsi ne, na ɗauko masa kunun gyaɗa, ina tsakiyar matakala sai ƙananan nan suka tashi. Gidan ya ɗauki rawar da muka saba da ita, kwanuka suna kaɗawa a madafa. Na ma tsaya na leƙa ta ramin iska na ga wutsiyar na baya. Na yi sallama a ƙofa, shiru. Na tura. Gado ba kowa. Sai na hango tafin ƙafarsa. Babana, dattijon da duk bakin tafki ake tashi tsaye in ya shigo rumfa, yana ƙarƙashin gadon ƙarfe, ya dunƙule, ya rufe kansa da dardumar salla.

Ban san yadda kwanon bai suɓuce mini ba. Na ja da baya, na rufe ƙofar a hankali, na tsaya a waje. Da ƙarar ta lafa na sake yin sallama da ƙarfi kamar yanzu na zo. Na same shi zaune a bakin gado, ƙura a goshinsa da gwiwar wandonsa.

Ya dubi bango ya ce, "Carbi ne ya faɗi."

Na ce, "To, Baba." Carbin yana rataye a wuyansa.

Na sauko na zauna a gaban keken ɗinki, na kasa taka shi. Na san mutanen yankinmu da yawa ba sa son jin ƙarar jirgi tun shekarun nan, haka na fassara wa kaina abin. Amma yaya zan yi? In na gaya wa Alhaji, na san shi sarai, kafin azahar zai sauko da Baba, ya tsuguna yana ba da haƙuri har da ƙwalla. Baba kuma zai gane surukinsa ya san ya shiga ƙarƙashin gado. Ranar zai ɗauki jakarsa, da ido ko ba ido. In kuma aka sauko da shi ba dalili, ya zama an ba baƙo ɗakin girma an ƙwace, wannan ma jaka ce. Shi ba zai buɗe baki ya ce ɗakin da surukinsa ya karrama shi da shi bai yi masa ba, ko da zai mutu a ciki. Ni kuma ba ni da bakin tambayarsa. Mu uku a gida ɗaya, kowa yana girmama kowa, tsoho yana kwana da fargaba.

Na fara 'yan dabaru. Na ce wa Alhaji matakalar nan tana wahalar da gwiwar Baba. Washegari da ya je gaisuwa ya ce, kai a ƙasa, "An ce gwiwa tana damu, ko a gyara ɗakin ƙasa?"

Baba ya ce, "Gwiwa lafiyarta ƙalau. Wa ya ce?"

Alhaji ya sauko ya ce mini, "Kin gani? Ke dai kina baƙin cikin ɗakin nan tun ranar da aka gina shi." Na ji kamar in kwaɗa masa almakashi.

Na samo mai babur ya riƙa kai Baba bakin Binuwai da safe, wajen masu kifi a gindin gada, ya sha hira da 'yan sana'arsa. Ya ji daɗin wannan, har ya fara gyara musu yadda ake jera kifi a kan waya. Amma jirgin soja ba motar fasinja ta ajans ba ce da za a ce ga lokacin tashinta. Wata rana su wuni shiru, Baba yana dawowa yana hawa bene su fara. Wata rana tun da sassafe. Na koyi jin su tun suna ɗumama inji, wani siririn fito da yake fara zuwa kafin rugugin. Na ja kekena zuwa gindin matakala, in sun fara in kunna rediyo har ƙarshe in hau taka keke kamar mahaukaciya, wai don in rufe ƙarar. Ji wauta! Keken ɗinki da jirgin yaƙi.

Ban iya zama wuri ɗaya a kwanakin nan ba. In ɗauki ƙyalle in ajiye, in leƙa matakala, in fita tsakar gida in dubi sama, in dawo. Na yanka wa wata mata hannun dama biyu a shadda mai tsada, ta wanke ni tas, ban ce mata uffan ba, ita kanta sai da ta tsorata. Yara suka daina zuwa kusa da ni. Abin da ya fi ba ni haushi, ina tsine wa jiragen nan a zuci, amma in na ji sun taso sai idona ya bi su. Ina jin Babana a sama yana jan jiki a kan siminti, ni kuma ina kallon yadda na gaba ya kwanta a gefe ɗaya ya yanki iska ba ko gargada. Na ƙi jinin kaina a kan wannan.

Sau ɗaya na kusa faɗa wa Alhaji. Yana cin tuwo da la'asar, na zauna na ce, "Alhaji, game da Baba da jiragen nan..."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ke ma kin yi tunanin? Wallahi shi nake ta saƙawa. Bawan Allah yana jin su kullum, bai taɓa ganin su ba. Bari a buɗe idon nan. Abin da zai fara more wa ke nan."

Na haɗiye maganata, na tashi na ƙaro masa miya.

Aka yi aikin a asibiti, ido ɗaya tukuna. Aka naɗe shi da bandeji, aka ce kada ya sunkuya, kada ya yi motsi mai ƙarfi. Kada ya sunkuya! Na dubi likitan nan na ce a raina, kai dai ba ka san inda yake shiga ba. Kwanakin nan na yi su a kan matakala. In fiton ya fara sai in rufe idona ina addu'a Allah ya sa ɗinkin idon kada ya ɓalle. Allah ya rufa asiri. Ranar da aka cire bandejin ya dubi hannunsa, ya juya shi, ya dubi bishiyar darbejiya ta taga, ya dubi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ni ya tsallake ni, amma na ga ya saci kallon ƙafafuna. Ya ce, "Alhamdu lillahi. An tsufa ashe." Ban san da ni yake ko da kansa ba.

Lokacin ya zo daidai da shirin bikin ƙasa, jiragen suna gwajin tashi a jere kusan kullum. Alhaji ya ce in gaya wa Baba ya fito baranda gobe da hantsi. Na ce idon sabo ne, rana za ta yi masa illa. Da yamma sai ga shi da baƙin tabarau a kwali. Na ce Baba ba ya son hayaniya. Ya ce wace hayaniya, mu uku ne. Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka bar maganar nan." Ya dube ni ya ce, "Wai ke me ke damunki ne kwanan nan?" Na buɗe baki, na tuna tafin ƙafar nan a ƙarƙashin gado, na rufe.

Da safe ya isar da saƙonsa da kansa. Ina gindin matakala ina ji.

"Baba, in an ga dama, yau da hantsi jiragen za su yi wasa. A barandar nan ana ganin su sosai."

Sannan Baba ya ce, "To, madalla. Allah ya kai mu."

Ya fito cikin farar rigar da na ɗinka masa, wadda ba ko surfani a wuyanta. Ya sa tabarau, ya dafa ƙarfen baranda da hannu biyu. Alhaji ya tsaya can gefe, baya kaɗan, yadda ya kamata. Ni ina bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu, don in sami dalilin tsayawa. Rana ta riga ta yi zafi, kwalta tana hayaƙi a titin jirgin.

Fiton ya fara. Na ga yatsun Baba sun ƙanƙame ƙarfen. Rugugin ya biyo baya, suka taso ɗaya bayan ɗaya, suka yi nisa ta wajen duwatsu har suka zama ɗigo, sannan suka juyo a jere, fiffike kusa da fiffike, suka nufo mu. Ban taɓa ganin su da kyau irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Gefen rigar Baba yana karkarwa, ba iska ba ce. Na ce yanzu zai faɗi, yanzu zai ruga ɗaki a gaban surukinsa. Bai motsa ba. Sai ma ya sa hannu ɗaya ya cire tabarau, ya ɗaga kai, ya bi su da sabon idonsa har suka wuce ta kanmu, suka kwanta a gefe gaba ɗaya, rana ta bugi cikinsu.

Da ƙarar ta yi nisa Alhaji ya kasa haƙuri. Murya tana rawa don murna ya ce, "Baba, an gani?"

"An gani," in ji Baba. "Suna da kyau."

Na saki numfashi. Na ɗauka an wuce wurin. Sai ya ci gaba, ba da ni yake ba, ba da Alhaji ba, sararin da jiragen suka bari yake kallo.

"Wancan ma haka yake. Rana ta bugi cikinsa yana ƙyalli. Duk kasuwa aka bar ciniki aka ɗaga kai. Yaron nan ya taɓa ni ya ce, Baba dubi kyau." Ya goge idon da gefen hannun riga, abin da likita ya hana. "Da mummuna ne da mun gudu."

Kofin ya faɗi daga hannuna. Sai a ranar na san yadda ƙanena ya mutu: ba mutanen daji ba ne, jirgi ne.

Alhaji ya ɗago kai. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa duban fuskar Babana ba sai a wannan lokacin. Ya dube shi sosai, ya ga ramar, ya ga leɓen da ke rawa, ya juyo ya dube ni. Na ga tambayar a idonsa, na sunkuyar da kai. Ya sauka, ya fita daga gidan, takalmansa suna nan a gindin matakala.

Baba ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado. Ya dubi bango ya ce, "A haɗa mini kayana."

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa a gabansa, na dube shi, na ce, "Baba, kada ka tafi. Ni ce nake roƙonka. Za mu tashi daga nan, za mu koma cikin gari, wallahi za mu koma. Ba ni da kowa sai kai." Ina kuka ina majina kamar ƙaramar yarinya.

Bai dube ni ba. Amma ya ɗora hannunsa a kan ɗankwalina, ya bar shi a wurin. Ya ce, "Ba a tayar da mutum daga gidansa saboda baƙo. Yaron kirki ne. Abin da ya fi so ya ba ni."

Alhaji ya dawo da yamma da ƙafafu duk ƙura. Ya aika a gaya wa Baba akwai ɗaki a gidansu na cikin gari, an share. Baba ya ce an gode, amma ina ne a Garwa ba a jin su? Gaskiya ya faɗa. Kuma ni na san ko da babu ƙarar ba zai zauna ba, tunda an riga an gan shi. Abin da na samu da kyar, da taimakon Gwaggo, shi ne bai koma bakin tafki ba. Ya yarda ya sauka a Maga wurinta, inda akwai ruwa da kifi da masu jin yarensa na banda. Alhaji ne ya ɗauki jakar har tasha, yana tafe a bayansa, kai a sunkuye kamar kullum. Ɗaya idon a Marwa aka ƙarasa aikinsa.

Jirgin na wace ƙasa ne, Baba bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. A bakin tafkin nan ƙasashe da yawa suka haɗu. Na sha gaya wa kaina ba namu na nan ba ne, wataƙila ma ba irinsu ba ne. Wani lokaci maganar tana kwantar mini da hankali, wani lokaci ba ta yi.

Ɗakin bene yanzu tayoyin babur ne a ciki, an jingina kwalaye a jikin tagar. Alhaji bai ƙara hawa baranda ba. In sun taso yana gida sai ya ƙara wa rediyo murya, ko ya shiga wanka. Ya fi ni iya yanke abu. Ni har yau ban daidaita ba. Na gwada in ga muninsu, na zauna na nemi aibi a jikinsu yadda nake nema a rigar amarya, ban samu ba. Yankan yana nan yadda yake, ba ragi ba ƙari. Na dai san yanzu aikin da aka yanka shi dominsa, da abin da ake ratayawa a ƙarƙashin fukafukan nan da nake yabo.

Kowace Juma'a da hantsi nakan kira wayar Gwaggo ta miƙa wa Baba. "Ana lafiya?" in ji shi. "Ya yaran? A gaida maigidan." Yakan ba ni labarin farashin shinkafa da yadda masuntan Maga ba su iya banda ba. Ina sauraro da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen baz. Da na ji siririn fiton nan sai in katse kiran, ko yana tsakiyar magana. In tsaya da waya a hannu a tsakar gida har su taso, kuma Allah ya sani, kaina yakan ɗaga da kansa. In sun wuce in sake kira.

Ya ce, "Rezon wayar Garwa ba shi da kirki, sai yankewa yake yi."

Na ce, "Wallahi kuwa, Baba."